Shin alƙali na da ikon hana ɗan jarida ɗaukar bidiyo a kotu?

Ƙanena, ka tambaya ko daidai ne a hana ka ɗaukar bidiyo da waya a zaman shari'ar wani da ake tuhuma da fashi, alhali kotu ta jama'a ce. Na daɗe ina ɗauko rahoto daga kotunan Kaduna, kuma abin da na fahimta shi ne, shiga ka saurara haƙƙinka ne, amma kyamara sai da izinin mai shari'a.

Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a yi shari'ar laifi a bainar jama'a, sai dai shi wannan sashen ne kuma ya ba alƙali damar fitar da kowa, ban da ɓangarorin da ke cikin shari'ar da lauyoyinsu, saboda tsaron ƙasa, ko zaman lafiya, ko kare tarbiyya, ko kare yaron da bai kai shekara 18 ba. A shari'ar fyaɗe ina tare da alƙali ɗari bisa ɗari, domin na ga yarinya ta kasa buɗe baki don idon mutane kawai, balle a ce fuskarta za ta yawata a Facebook. Haka shaidan da ke tsoron ransa.

Abin da ke damuna shi ne rufe ƙofa ba tare da an faɗi dalili ba. A shari'ar Sheikh Ibrahim Zakzaky a Babbar Kotun Jihar Kaduna, wadda ta ƙare da sallamarsa ranar 28 ga Yulin 2021, an sha hana 'yan jarida shiga, sai su jira lauyoyi a waje, kowane ɓangare ya ba da labari yadda ya yi masa daɗi. A 2022 kuma Babbar Kotun Tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta taƙaita ɗaukar rahoton shari'o'in ta'addanci. Idan ba wanda ya ji da kunnensa, jita-jita ce ke cika gari, har hukuncin gaskiya ma a yi masa zargi.

Shawarata, ka rubuta wa rajistaran kotu takardar neman izini kafin ranar zama. In an ƙi, ka shiga da biro da littafi, ka kashe waya, domin raina kotu na iya kai ka gidan yari a ranar. In ɗan sandan bakin ƙofa ne ya tare ka, ka tambaye shi cikin ladabi ko umarnin mai shari'a ne, ka kuma sanar da ƙungiyar 'yan jarida ta NUJ.