Wace Taya Ce Ta Dace da Mai Son Gwada Motarsa a Filin Tsere?

Tambaya: Ina da ƙaramar mota wadda nake zuwa aiki da ita kullum, kuma na yi rajistar shiga ranar da ake buɗe filin tsere ga masu sha'awa, inda kowa yake shiga da motarsa ya yi gudu ba tare da gasa ba. Wannan ne karona na farko. Tayoyina sun kusa cinyewa, girmansu 225/45R17. Wani abokina ya ce in sayi wadda ta fi kowace kama ƙasa, irin mai lamba 200 ko ƙasa da haka. Shin in bi shawararsa, alhali da su zan ci gaba da hawa titi, har da lokacin ruwan sama?

Amsa: Malam, shawarar abokinka ba ta ɓaci ba, sai dai lokacinta bai yi ba tukuna. Abin da yake wahalar da taya a filin tsere shi ne zafi. A kan titi taya tana samun hutu tsakanin kwana da kwana, amma a fili za ta shafe kusan minti 20 ana taka birki da ƙarfi, ana shan kwana, ana sake taka totur, ba tare da ta huce ba. Idan zafin ya wuce abin da robar za ta iya ɗauka, sai ta yi laushi fiye da kima, motar ta fara zamewa kamar an shafa wa kwalta mai, gefen zanen tayar kuma ya fara ɓantarewa. Don haka abin da ya kamata ka fara nema shi ne tayar da ke jure zafi, kuma take sanar da kai kafin ta saki ƙasa.

Lambar nan ta 200 da ake yawan ambata tana cikin tsarin UTQG na gwamnatin Amurka, kuma ma'auni ne na saurin cinyewar taya. Ana gwada taya a kan wata hanya da ke jihar Texas na tsawon mil 7,200, a kwatanta ta da wata tayar ma'auni, sannan kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta lambar a jikinta. Ƙaramar lamba tana nufin roba mai laushi wadda ke kama ƙasa sosai kuma take ƙarewa da wuri. Amma tun da kamfanin ne da kansa yake sa lambar, ba a cika dogara da ita wajen kwatanta tayar wannan kamfani da ta wancan ba. Abin da ya sa 200 ta yi suna shi ne ƙungiyoyin tsere irin su SCCA a Amurka sun sanya ta a matsayin mafi ƙanƙantar lambar da za a yarda da ita a rukunin motocin titi, sai kamfanoni suka shiga ƙera tayoyi masu laushi matuƙa waɗanda duk da haka suke ɗauke da ita. Shi ya sa ko a cikin tayoyi masu lamba 200 akwai bambanci mai yawa. Bridgestone Potenza RE-71RS da Yokohama Advan A052 suna ɗaukar zafi da sauri kuma an san su da saurin zagaye, ita kuwa Hankook Ventus RS4 an fi saninta da juriya a doguwar tafiya.

Ga wanda bai taɓa shiga fili ba, taya mai tsananin kamu tana ɓoye kurakurai. Za ka shiga kwana ba daidai ba, ka juya sitiyari da garaje, tayar ta rufa maka asiri, har ka ɗauka ka iya. Ranar da za ta saki kuwa, a gudu mai yawa za ta saki, lokacin da gyara ya fi wuya. Tayar da kamunta yake matsakaici tana fara ƙara tun kafin ta kai iyakarta, kuma a wannan ƙarar direba yake koyon inda iyakar take. Akwai kuma nauyin da ƙarin kamu yake ɗora wa sauran sassan motar, musamman birki, domin zafinsa yakan tafasa man birki idan ya tsufa, sai ka taka ka ji ƙafarka ta nutse. A ganina, canza man birki kafin ranar ya fi maka amfani fiye da duk wani ƙarin laushin roba.

Saboda haka ina ba ka shawarar tayar lokacin zafi mai babban inganci, irin Michelin Pilot Sport 4S mai lamba 300 ko Continental ExtremeContact Sport 02 mai lamba 340. Suna da zurfin zane da ke korar ruwa, wanda shi ne abin da ka tambaya game da ruwan sama, kuma za su ɗauki 'yan kwanakin fili a shekara ba tare da sun lalace ba. Ka bar irin Toyo Proxes R888R mai lamba 100, domin zanenta kaɗan ne kuma ba ta son ruwan da ya kwanta a titi. Tayar kowane yanayi ma ba ta dace ba, don ƙananan tsage-tsagen da ke jikinta suna motsi su tara zafi. Ka dai sani cewa tayar lokacin zafi tana taurare idan sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 7 a ma'aunin Selsiyas.

Wajen saye, ka tsaya a kan girman da motar ta zo da shi, domin taya mai faɗi a kan siririn rim takan sa sitiyari ya yi sanyin amsawa. Ka sayi huɗu iri ɗaya. Ka duba lambar nauyi: a girmanka 91 tana nufin kilo 615 a kowace taya, 94 kuma kilo 670, kuma kada ka sauko ƙasa da abin da masu ƙera motar suka rubuta. Harafin gudu ya zama W, wato kilomita 270 a awa, ko Y, wato 300, ma'aunin jure zafi kuma ya zama A. Lambobi huɗu na ƙarshen rubutun da ya fara da haruffan DOT a gefen taya su ne mako da shekarar ƙira, misali 1224 tana nufin mako na 12 na 2024, kuma tayar da ta daɗe a ajiye robarta takan bushe.

Inda masu farawa suka fi yin asara shi ne iska. Iskar taya tana ƙaruwa da kusan psi 1 (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iskar taya) a duk ƙarin digiri 5 zuwa 6 na zafi, don haka bayan shigarka fili ta farko za ka iya tarar da ta haura da psi 5 ko fiye. Ka tafi da geji naka na kanka, ka fara da iskar da aka rubuta a jikin ƙofar direba, ka auna da zarar ka fito daga fili tun tayar tana da zafi, sannan ka rage kaɗan-kaɗan. Yawancin tayoyin titi suna aiki da kyau tsakanin psi 32 zuwa 38 da zafinsu, gwargwadon nauyin mota. Kada ka rage da yawa tun farko, domin gefen tayar zai riƙa lanƙwashewa a kwana. Akwai tsohuwar dabara ta shafa alli a kafaɗar taya, wato inda zanen ya haɗu da gefenta: idan allin ya goge har ya gangaro gefe, iskar ta yi kaɗan.

Motar titi takan cinye kafaɗar waje ta tayoyin gaba fiye da ko'ina, don haka ka riƙa duba wurin duk lokacin da ka fito daga fili, ka kuma sauya na gaba da na baya bayan ranar. Da yamma, idan tayoyin sun huce, iskar da ka rage za ta bar su ƙasa da ƙa'ida, sai ka mayar da ita yadda take kafin ka hau titi, ka kuma tabbata zurfin zanen bai kusanci milimita 1.6 ba, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda da ita a ƙasashen Turai. Idan ka shiga fili sau biyar ko shida ka ga sha'awar ta zauna, sai ka nemi rim na biyu ka ɗora masa masu lamba 200 ɗin da abokinka ya ambata, ka bar waɗannan na zuwa aiki.