Amsa ga mai tambaya kan ciyayin bayan gida

'Yar'uwa, kin ce kin tare a Agege, damina ta sa ciyayi sun cika bayan gidanku, kuma kina ganin maƙwabciyarki Bayarabiya tana tsinka tana miya, shin ana ci ne? Ana ci mana, wasu ma kin san su tun daga gida.

Mai ganye laushi cike da ruwa, da ɗan fure ruwan hoda, shi ne gbure a bakin Yarbawa. Ba ya buƙatar shuka a Legas, jiƙa kawai yake so. Ni ina haɗa shi da alayyafo a taushe, amma ki rage ruwan miyar domin shi ma zai saki nasa. Mai fama da tsakuwar ƙoda kada ya yawaita shi. Lalo kuwa shi ne ewedu ɗin da ake cin amala da shi, har kuɗi muke biya mu saye shi a kasuwar Mile 12 alhali ga shi a bayan katanga. Akwai zaƙi-banza, akwai gasaya mai ɗaci, wadda sai an tafasa an zubar da ruwan fari.

Inda nake so ki buɗe ido shi ne tafasa da rai-ɗore, don suna kama ga wanda bai saba ba. Tafasa ganyenta shida ne a reshe, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye, kuma kwanson 'ya'yanta siriri ne mai lanƙwasa. Rai-ɗore bakin ganyensa tsini ne, ya fi yawa a reshe, in kika murza za ki ji wari mai hawa kai. Tafasa ce ta kwaɗo da ƙuli-ƙuli, tana kuma sassauta ciki. Rai-ɗore na magani ne, ɗanyun 'ya'yansa suna da guba, ko akuya suna kayarwa. Zaƙami mai farin fure kamar kakaki, wanda Yarbawa suke kira gegemu, shi ma guba ne, ki tumɓuke shi tun yara ba su gani ba.

Ta fannin magani, iyayenmu kan dafa ciyawar nonon kurciya don tari da atini, su murza ganyen tafasa a kan makero. Na makeron ban da ja. Amma yaro mai zazzaɓi, a fara kai shi gwajin jini tukuna.

Abin da ya fi damuna a garin nan shi ne inda ciyawar ta tsiro. Mafi kore da sheƙi sau da yawa ita ce ta bakin kwata, ko gefen bola, ko inda makanike ke zubar da baƙin mai da ruwan batir. Wanki da gishiri yana cire datti, ba ya cire abin da saiwa ta riga ta sha. In ambaliya na shigo muku da ruwan kwata, ki bar na ƙasa, ki zuba ƙasa mai kyau a buhu ko tsohon bokiti, ki dasa karan gbure, ki yafa irin lalo. Ki kuma tambayi mai gida ko yana fesa maganin ciyawa kafin ki tsinki komai.