Haɗiyar Zuciya da Haƙurin Dafa Dutse

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta rubuto tana tambaya cewa, idan aka ce wane ya haɗiyi zuciya ya mutu, salon magana ne kawai ko kuwa abu ne da yake faruwa a jikin mutum?

Malama, a Hausa zuciya tana ɗauke da nauyi biyu: ita ce tsokar da take harba jini, ita ce kuma mazaunin hali. Shi ya sa ake kiran mai saurin fushi da mai zuciya, wanda ya ji haushi ya ƙi karɓar abin da aka ba shi a ce ya yi zuciya, malalacin da ya zauna sai an ba shi kuwa a ce zuciyarsa ta mutu. Har ma ciwon zuciya, kafin likitoci su ɗauke shi su mayar da shi sunan cuta, yabo ne ga mutum mai kishin kansa wanda ba ya yarda a wulaƙanta shi. Haɗiyar zuciya kuwa tana nufin baƙin ciki ko takaici ya taso wa mutum, ya rasa inda zai sauke shi, har ya yanke jiki ya faɗi.

A nan harshe ya riga ilimin likita gani. A shekarar 1990 likitocin Japan suka bayyana wata cuta da suka sa wa suna takotsubo, wadda take kama mutum bayan mummunan labari, kamar rasuwar miji ko ɗa. Sinadaran firgici, musamman adiranalin, suna kwarara cikin jini da yawa har ɓangaren hagu na zuciya ya raunana ya kumbura, mutum ya ji ƙirjinsa ya riƙe, numfashi yana neman gagararsa, amma idan aka duba hanyoyin jinin zuciyar sai a tarar ba su toshe ba. Kusan tara cikin goma na masu kamuwa mata ne, galibi waɗanda suka daina al'ada. Yawancinsu suna warkewa cikin makonni idan sun sami kulawa, wasu kuwa ba sa tashi. Saboda haka tsohuwar da ta dafe ƙirji ta sulale a zaman makoki, kada a tsaya ga yayyafa mata ruwa da yi mata fifita, a kai ta asibiti.

Wani mai karatu daga Kumasi ya ce shi yana ganin karin maganar nan, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa, ita take jawo wa mutane hawan jini, domin tana koya musu danne abu a rai.

Malam, na fahimci ƙorafinka, sai dai ka haɗa abu biyu da Hausa ta raba. Haƙuri shi ne jure abu tare da sakin sa daga rai. Wanda ya yi shiru alhali abin yana cin sa, ba a ce ya haƙura ba, cewa ake yi ya bar wa cikinsa, ko yana yaƙe ta ciki na ciki, kuma magabata sun san fuska takan tona shi, tun da suka ce labarin zuciya a tambayi fuska. Karin maganar da za ka iya tuhuma ita ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, wadda aka yi ta don riƙe sirri, amma ake jefa ta ga matar da take cikin uƙuba a gidan aure domin a rufe mata baki. Wannan amfani da ita, a ganina, zalunci ne.

Dangane da hali kuwa, a shekarar 1959 wasu likitocin zuciya biyu a Amurka, Meyer Friedman da Ray Rosenman, suka siffanta mutum mai gaggawa, mai son gasa, mai saurin hasala, suka ce ya fi kusa da cutar zuciya. Binciken da suka yi a kan maza sama da 3,000 ya nuna haɗarin irin waɗannan ya kai ninki biyu, amma binciken da ya biyo baya bai tabbatar da hakan gaba ɗaya ba. Abin da ya fi tsayuwa a cikin siffofin shi ne yawan fushi da riƙon mutane a rai, ba himma ko son aiki ba. Sannan a 2004 wani babban bincike a ƙasashe 52 ya sanya damuwar gida da ta wurin aiki da ta kuɗi cikin abubuwan da suke da alaƙa da bugun zuciya, tare da shan taba, ciwon suga da hawan jini.

Akwai kuma kuskuren da nake yawan ji, wato a ce wane ba shi da damuwa, ina shi ina hawan jini. Gado, gishiri, ƙiba da shekaru duk suna kawo shi, kuma yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Mai sanyin hali ma ya je a auna shi, idan awon yana kai wa 140 bisa 90 ko ya wuce a lokuta daban-daban, likita ne zai faɗi abin yi.