Amsar tambayarka a kan gama ɗinki cikin lokaci

Jiya bayan la'asar ka tambaye ni cewa, "Maigida, yaya ake yi a gama aiki a kan lokaci, tunda kullum muna kan keke amma kullum masu kaya suna zuwa su tarar ba a gama ba?" Ban amsa maka nan take ba, domin tambayar ta fama mini wani tsohon miki, kuma ba na son yin magana cikin ɓacin rai a gaban yara.

Ba zan ɓata bakina wajen gaya maka ka zo shago da wuri ko ka zuba wa keke mai ba, domin wanda ya shekara a shagon ɗinki bai san wannan ba, gara ya nemi wata sana'a. Abin da nake so ka gane shi ne, lokacin tela a bakin ƙofa yake salwanta, a daidai sa'ar da ya ce wa mai kaya "to, kawo" alhali bai duba abin da ke gabansa ba.

A azumin 2023, shekarar da aka sha wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira, saura kwana tara Sallah wani attajiri ya tsayar da mota a ƙofar shagon nan, direbansa ya shigo da shadda ta mutum goma sha biyu, tasa da ta 'ya'yansa, kowace da aikin wuya. A lokacin littafina ya cika, na kuma san ya cika. Amma ya ce zai ninka mini kuɗin ɗinki, da na nemi kafin alƙalami sai ya ce babu tsabar kuɗi a gari, zai turo ta waya idan ya isa gida. Shekara talatin ina riƙe da almakashi, na san abin da irin wannan magana take nufi, duk da haka kwaɗayi ya rufe mini ido na karɓa.

Na ture kayan mutanen da suka kawo tun cikin Sha'aban, ciki har da na wani malamin makarantar firamare, maƙwabcina, wanda ni na ɗinka masa kayan angonci, ni kuma nake ɗinka wa 'ya'yansa huɗu tun suna rarrafe. Muka kwana bakwai muna aiki daga bayan asham har sahur, janareta na shan mai, na ɗauko teloli biyu na biya su daga aljihuna, na bi mai injin aikin wuya da roƙo har da ƙarin kuɗi domin ya tsallake layi. Ranar jajibere direba ya zo ya kwashe kaya a goge a ninke, ya ce Alhaji zai aiko. Bayan Sallah na yi sawu biyar zuwa gidansa, a na ƙarshe aka ba ni abin da bai kai kuɗin man da na ƙona ba, wai aikin wuyan bai yi masa ba, alhali da idona na gan shi sanye da rigar a filin Idi.

Kuɗin ba su ne suke ci mini rai har yau ba. Daren Sallah malamin nan ya shigo riƙe da hannun ƙaramin ɗansa, ya ga yadinsu a yanke a kan tebur ba a haɗa ko hannu ɗaya ba. Bai zage ni ba, bai ɗaga murya ba, ya tattara yankakkun ya zuba a leda, yaron yana tambayarsa ina rigarsa. Har gobe muna gaisawa a masallaci, amma shi da danginsa ba su sake kawo mini ko gyaran wando ba.

Tun daga ranar nake ƙirga aikin da hannuna zai iya a yini, in rubuta kowane kaya da ranar karɓarsa, in bar kwana biyu babu alkawari saboda ɗaukewar wuta ko rashin lafiya, kuma idan azumi ya kai goma na rufe littafi, ko wane ne ya zo. Yanka da safe nake yinsa, lokacin da ido yake garau, domin kuskuren almakashi ba ya gyaruwa. Kaya masu zare iri ɗaya a haɗa su a ɗinka a jere, masu aikin wuya a tura su tun farko saboda layin mai inji, Kantin Kwari kuma sau ɗaya a mako da jerin abin da za a saya a rubuce. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, guga da duk abin da ke buƙatar wuta a tara shi a yi idan an kawo.

Ku kuwa yaran yanzu, kuna cewa kullum kuna kan keke, amma ni ina kallonku. Ƙafa tana kan feda, ido yana kan waya, a ɗinka hannu ɗaya a tsaya kallon TikTok, a koma musun ƙwallon Turai, sannan a farke abin da aka ɗinka domin ya karkace. Mu da muka koya a hannun masu gidanmu, ko ruwa ba ma tashi sha sai an gama layin da aka fara. Daga gobe wayarka tana cikin aljihun tebur har azahar, kuma kai ne za ka riƙe littafin karɓar kaya, idan wani ya zo da gaggawa ka buɗe ka nuna masa sunayen da suka riga shi.