Ɗalibaina suna haddace jawabi, da sun tsaya gaban aji sai ya gudu

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina koyar da Turanci ga manya, yawancinsu ma'aikata ne da masu shirin ƙaro karatu. A manhajar bana an sa mana darasin ba da labari da gabatar da jawabi. Sau biyu ina gwadawa. Kowa ya rubuto jawabinsa daga gida ya haddace, amma da ya tsaya gaban aji sai ya sunkuyar da kai yana karantawa, ko kuwa kalma ɗaya ta ɓace masa ya tsaya cak. Sauran kuma suna ta danne-dannen waya. Shin in jingine darasin sai nahawunsu ya yi ƙwari, ko da wata dabara? Daga wata malama.

Amsa: Malama, barka kadai. Kada ki jingine darasin. Abin da za ki jingine shi ne rubutowa daga gida, domin can ciwon yake.

Wanda ya haddace jawabi, kalmomin suna jere ne a kansa kamar duwatsu a zare, in zaren ya tsinke a wuri ɗaya sai duk su watse. Wanda kuwa ya san labarinsa, abin da ya faru shi ne a hannunsa, in kalma ta kuɓuce masa sai ya lalubo wata ya ci gaba. Ƙari a kan haka, mutum in ya zauna rubutu yakan ƙaƙalo dogayen jimloli da manyan kalmomin ƙamus waɗanda bakinsa bai saba da su ba. Kunnen mai sauraro ma ba ya ɗaukarsu, shi ya sa kika ga an koma waya.

Ki fara da labarin da ya faru da shi kansa ɗalibin, gajere, na minti biyu: ranar da ya makara a wuri mai muhimmanci, ranar da ya ɓata hanya, kuskuren da ya yi wanda har yau yake ba shi dariya. Tunda shi abin ya sama, ba ya wahalar tuno abin da zai faɗa, sai ƙwaƙwalwarsa ta tattara ƙarfinta kan Turancin kawai.

A nan aikin William Labov, masanin harshe ɗan Amurka, zai yi miki amfani. Shi da Joshua Waletzky sun wallafa nazari a 1967 kan yadda mutane ke ba da labarin rayuwarsu da baki, kuma a 1972 Labov ya fayyace gaɓoɓi shida: ɗan tsokacin buɗewa, shimfiɗa wadda ke faɗin wa da ina da yaushe, abin da ya rikice, abin da ya sa labarin ya cancanci a ba da shi, yadda aka warware, sai rufewa. Ba sai kin ɗora wa ɗalibai sunayen nan duka ba. Ta huɗun ce nake so ki kama da hannu biyu, don ita ce masu koyon harshe suka fi zubarwa. Labarin da ba ta cikinsa, mai sauraro kan ƙare da cewa, "To, sai me?"

Na taɓa samun wani ɗalibi, injiniya, da ya ba mu labarin ranar da na'urar hawa bene ta maƙale da shi. Ga yadda ya kawo shi: "I went to the office. I entered the lift. The lift stopped. After one hour they opened it." Babu kuskuren nahawu ko ɗaya, amma kuma babu labari. Sai na ce kowa a ajin ya yi masa tambaya ɗaya. Wata ta ce, kai kaɗai ne a ciki? Sai ya yi murmushi ya ce a'a, shi da maigidansa ne, wanda ya yi mako guda yana zille masa saboda wani rahoto da bai gama ba. Ajin ya kwashe da dariya. Ashe labarin yana nan ya ɓoye shi, don kawai bai tabbatar da yadda zai faɗe shi da Turanci ba. Muka ba shi kalmomi uku da yake nema, ya sake bayarwa, a wannan karon ba wanda ya taɓa waya. Tun daga ranar nake sa aji su tono labari da tambayoyi kafin in ce uffan game da nahawu.

Bayan labari ya samu, sai maimaici. Akwai dabarar da ake kira 4/3/2, wadda Paul Nation na ƙasar Niyu Zilan ya yi nazari a kanta a 1989. Ɗalibi ya ba abokinsa labari cikin minti 4, ya sauya abokin ya sake bayarwa cikin minti 3, ya sake sauyawa ya bayar cikin minti 2. Nation ya ga saurin magana yana ƙaruwa, in-ina da dakatawa suna raguwa. Sauya mai sauraro shi ne gishirin abin, don ba wanda ke son maimaita wa mutum ɗaya labari sau uku. In ɗalibanki masu rauni ne, ki mai da ita 3/2/1. Amfaninta na biyu shi ne rabin aji na magana a lokaci guda, maimakon mutum ɗaya yana gumi talatin suna kallonsa. Amma tana da aibi: kuskure ma yana maimaituwa har ya zauna daram. Don haka ni nakan tsaya bayan zagayen farko in rubuta gyara biyu ko uku a allo, kafin a shiga na biyu.

Takarda fa? Ki bar su da kati ɗan ƙarami mai kalmomi biyar zuwa bakwai, kalmomi kawai, ban da jimla.

Nahawun da labari ke buƙata bai da yawa. Mai Hausa a baki yana da dalilin da ke sa shi tuntuɓe a nan: a Hausa aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci, abin da ke gabansa ne ke sauyawa, mu ce ya tafi, zai tafi. Turanci kuwa kalmar ce ke juyewa, "go" ta koma "went". Shi ya sa za ki ji ɗalibi ya fara da "went" lafiya lau, da labari ya yi daɗi sai ya zame ya koma "go". Ki tara masa aikatau goma sha biyar da labarinsa ke buƙata, ya yi ta juya su da baki. Sai kuma kalmar nan tamu "sai", wadda ke jan labari tun daga farko har ƙarshe ba ta gundurar kowa. In aka mai da ita Turanci takan zama "and then" sau ashirin. Ki ba su madadi kaɗan, irin su "suddenly" da "after a while" da "in the end", sun wadatar a matakin farko.

Kada ki katse mai magana don gyara. Tun a 1986 Elaine Horwitz, masaniyar koyar da harshe, da abokan aikinta suka bayyana fargabar ajin koyon harshe, kuma tsoron a ga gazawar mutum a gaban jama'a na cikin jigoginta. Ki riƙe biro ki rubuta, in an gama ki kawo kurakuran a allo ba tare da kama suna ba. Su kuma masu sauraro ki ba su aiki: wannan ya maimaita labarin a jimla biyu, wancan ya kawo tambaya. Wanda ya san za a tambaye shi ba ya danna waya.

Sai bayan mako uku ko huɗu a haka za ki shiga gabatar da jawabi, kuma za ki tarar an ci rabin tafiya, domin jawabi mai kyau ƙashin bayansa ɗaya da labari: ga yadda abu yake, ga matsalar da ta taso, ga abin da ya sa ta shafe ku, ga mafita. Kafin kowa ya buɗe PowerPoint, manhajar kwamfuta ta haɗa hotunan jawabi, ya faɗa miki saƙonsa a jimla ɗaya. In ya kasa, bai shirya ba, komai kyan hotunansa. Don hana su cika allon majigi da rubutu su juya wa mutane baya suna karantawa, ki aro tsarin PechaKucha, wanda Astrid Klein da Mark Dytham, masu zanen gine-gine, suka fara a Tokiyo a 2003: hoto 20, kowanne daƙiƙa 20, jimilla minti 6 da daƙiƙa 40, hotunan na wucewa da kansu. Ga masu koyo wannan ya yi tsawo, ni hoto 8 ko 10 nake sa su yi. Masu shirin ƙaro karatu kuma ki tuna musu cewa a kashi na biyu na jarrabawar baki ta IELTS, wato gwajin ƙwarewa a Turanci da jami'o'in ƙasashen waje da dama ke nema, minti 1 ake bayarwa na shiri, sannan a yi magana har zuwa minti 2, babu damar hadda.

Wajen ba da maki, ki ware kaso mafi tsoka ga ko an fahimci saƙon da yadda aka jera shi, sannan kallon jama'a da ɗaga murya, nahawu ya zo da nasa kason daidai gwargwado. Ki nuna musu wannan rabon tun ranar farko. Muddin ɗalibi na zaton kowane kuskure zai ci masa maki, zai koma ga haddarsa ko me kika ce masa. In sun yarda, kowa ya ɗauki muryarsa a waya a makon farko, ya ajiye, ya sake ɗaukar labarin nan dai a mako na shida, ya saurari biyun a jere.