Man shafawar da na haɗa ya yi tsaki-tsaki, ya kuma yi fumfuna: ina kuskuren yake?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malama, na ga wani bidiyo na yadda ake haɗa man shafawa a gida, sai na gwada. Na narkar da man kaɗanya da man kwakwa rabi da rabi, na zuba ruwan fure da ruwan alobera kamar cokali uku, na buga shi ya yi fari tas. Ko kwana uku bai yi ba ya narke, da ya sake daskarewa sai ya yi tsaki-tsaki kamar an zuba masa yashi. Bayan mako biyu kuma na ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo a samansa. Yarana na fama da kaushi, shi ya sa na damu. Daga wata uwa a Sakkwato.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar uwa. Kafin komai, wannan kwalbar ki zubar da ita. Kada ki kankare saman ki shafa na ƙasa, domin abin da ido ya gani ɗan kaɗan ne daga abin da ya riga ya bazu a ciki, balle ma fatar yara da ta tsattsage.

Babban kuskuren shi ne ruwan nan da kika zuba. Mai zalla, wanda ko ɗigon ruwa babu a cikinsa, ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa, shi ya sa iyayenmu ke ajiye man kaɗanya a ƙwarya wata da watanni ba abin da ya same shi. Amma da zarar ruwa ya shiga, ko ruwan fure ne, ko alobera, ko madara, kin buɗe musu ƙofa. Mayukan kanti masu ruwa-ruwa da kike gani suna ɗauke da sinadarin da ke ɗaure ruwa da mai, da wani kuma da ke hana su lalacewa, kuma awonsu ake yi da sikeli. Wasu na cewa bitamin E na tsare mai daga fumfuna. Ba haka ba ne. Aikinsa shi ne jinkirta tsufan mai da warin da ke biyo baya, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Ina jaddada wannan ne saboda na sha ganin matan da suka dogara da shi har suka sayar wa mutane abin da ya ɓata musu fata.

Sai maganar narkewa. Man kwakwa yana zama ruwa ne tun daga digiri 24 na zafi. To ki duba Sakkwato a watan Afrilu, inda ma'aunin zafi ke haura 40. Mai bidiyon nan wataƙila a ƙasar sanyi take, inda man kwakwa ke zaune a daskare yawancin shekara, don haka haɗin rabi da rabi ya yi mata daidai. A wurinmu kuwa ba zai tsaya ba. Shi kansa man kaɗanya a kusa da zafin jikin mutum yake narkewa, abin da ya sa yake bin fata da zarar an murza shi.

Tsaki-tsakin kuwa ba lalacewa ba ne, kuma shi ya fi ba mutane haushi. Man kaɗanya ba kitse iri ɗaya ba ne. Akwai mai tauri a cikinsa, akwai mai laushi, kowanne da lokacin daskarewarsa. Idan ya narke ya huce sannu a hankali, kamar yadda naki ya yi a ɗaki tsakanin zafin rana da sanyin asuba, sai mai taurin ya riga ɗan uwansa daskarewa, ya dunƙule ya zama 'yan ƙwayoyi. Maganinsa shi ne ki narkar da shi sarai har ya zama garau ba ko gudaji ɗaya, sannan ki sanyaya shi da gaggawa.

Ga haɗin da nake ba masu zama a wuri mai zafi, a kan giram 100: man kaɗanya 65, man koko (na 'ya'yan itacen da ake yin cakulan da su) 15, kakin zuma 4, mai ruwa-ruwa 15, bitamin E 1. Mai ruwan zai iya zama man zaitun ko man riɗi, ko man kwakwar idan kina son ƙamshinsa. Kakin zuma sai zafi ya wuce digiri 60 yake narkewa, shi ne ke riƙe sauran. Da hunturu kina iya cire shi ki mayar da giram 4 ɗin ga mai ruwa. Ki daure ki sayi ɗan ƙaramin sikelin kicin, don awon cokali a kan abu mai tauri yaudara ce.

Kada ki ɗora mai kai-tsaye a wuta. Ki sa ruwa kaɗan a tukunya, ki ɗora kwanon silba a bakinta, tururi ya yi aikin, ki kuma kula kada tururin ya ɗiga ciki. Ki fara da kaki da man koko, su ne masu taurin kai, sannan kaɗanya. In na kasuwa ne, ki tace shi da farin ƙyalle mai tsabta, za ki yi mamakin ɓawo da ƙasar da za su fito. Ki sauke, ki zuba mai ruwan, in ya ɗan sha iska ki sa bitamin E, sai firij. Babu wuta? Ki tsoma gindin kwanon a robar ƙanƙara kina juyawa. Idan gefe ya kama, tsakiya kuma ta yi kauri kamar koko mai sanyi, ki buga da na'urar buga kek ko maburgi na minti biyar zuwa goma.

Sai dai ki sani, laushin nan kamar auduga iska ce kawai aka cusa masa. In ya sake narkewa iskar ta fita, ba ta dawowa sai an sake bugawa. Ni da bazara ban cika bugawa ba, juye shi nake yi a ƙananan gwangwanaye ya daskare yadda yake, kuma amfaninsa a fata ɗaya ne.

Wajen sayen kaɗanya, ki shinshina. Ɗan ƙaurin hayaƙi ba laifi ba ne, daga sarrafa 'ya'yan yake. Wanda ke warin tsohon mai ko tsami shi za ki bari. Launi kuma ba ya nuna kyau: akwai mai ruwan madara, akwai rawaya irin wanda ake yi a arewacin Ghana, duk kaɗanya ce.

In kina son ƙamshi a naki, turaren mai za ki sa, kada ya wuce giram 1. Ban da humra ko turaren feshi, galibi suna da ruwa ko sinadarin da ke busar da fata. Na yara kuwa ki bar shi babu turare sam. Kuma don Allah, duk wanda ya ce ki matse wani man tub a ciki don "ya fito da haske", ki ƙi. Da yawansu magungunan asibiti ne masu ƙarfi da ke sa fata ta yi siriri ta tsage, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin zuƙe su.

Kwalba da cokali su bushe ƙarau kafin ki zuba, kada kuma a riƙa tsoma jiƙaƙƙen hannu a ciki. Ki yi kaɗan-kaɗan, wanda zai ƙare cikin wata uku zuwa shida, ki ajiye inda rana ba ta kaiwa. Ki fara gwadawa a cikin hannun yaro ki jira kwana ɗaya. Lokacin shafawa shi ne da an fito wanka, jiki da sauran danshi, domin man ba ya kawo ruwa, wanda ke jiki yake tsarewa. A fuska da baya ki rage, man kwakwa da na koko na toshe ƙofofin gashi ga masu fama da ƙuraje.

Idan kaushin yaran yana tare da ƙaiƙayin da ke hana su barci, ko yana tsattsafo da ruwa, ko ya yi zagaye kamar makero, ki kai su asibiti a duba kafin ki shafa musu komai.