Na ajiye haibirid a matsayin iyaye, 'ya'yan sun fito a hargitse

Tambaya: Malam, bara na sayi 'ya'yan haibirid, barbarar tarwada da ramboshi, suka yi girma sosai. Na ware manya na ƙyanƙyashe da kaina. Ƙwai da yawa sun lalace, waɗanda suka fito kuwa wani ƙato, wani kamar tsinke, wasu baya a karkace. Wanda ya sayar mini ya ce ruwan rijiyata ne. Jarina kaf yana ciki. Daga Samaru, Zariya.

Amsa: Allah ya mayar da alheri. Amma ruwan da ya raini iyayen har suka ƙosa, yaushe ya zama guba? Matsalar a gado take.

Tarwada tana da kuromosom (wato ƙunshin ƙwayoyin gado) 56, ramboshi mai dogon gashin baki 52, haibirid ya ɗauko 28 nan, 26 can, ya tashi da 54. Kowace ƙwayar gado kwafi biyu ce a jikinsa, sai dai ba kullum suke magana da murya ɗaya ba. Wani wurin duka biyun suna aiki, wani wurin ɗaya ya danne ɗaya. Juya kifinka ka dubi bayansa kusa da wutsiya: ɗan tsiron naman nan na ramboshi ne, amma ya fito guntu.  

Abin da ke ƙona mini rai, kusan kullum sai na ji wani ya ce haibirid ya haifi haibirid. Ina! Alherin girman nan na zubin farko ne, wato 'ya'yan tarwada da ramboshi kai tsaye. In ya zo yin ƙwai, 28 da 26 ba sa jeruwa daidai, kowane ƙwai da irin rabon da ya samu, wani ma ba ya rayuwa. Masu ƙyanƙyasar cikin gida sun san haka sarai, amma su ɗura maka jikoki a jarka da sunan haibirid, in ka dawo su ce ruwa ne, ko baki ne ya kama tankinka. Wasu kuma su rantse haibirid juya ne, a zubar da rarar a kogin Galma. Da juya ne, naka daga ina suka fito?

Ka tace waɗannan bisa girma don manya kada su cinye ƙanana, ka sayar a ci. Iyaye kuwa, nemi tarwada zalla da ramboshi zalla, ka gan su da idonka kafin ka biya.